Hanyar Komowar Kaya da Ƙarfin Masana'anta a Ƙasar Hausa

Hanyoyi biyu ne gare kowace masana'anta. Ta farko ita ce wadda kaya ke bi daga hannun mai sana'a zuwa hannun mai saye. Ta biyu kuwa ita ce wadda tsohon kaya da ragowar aiki da mazubi ke bi su komo wurin da aka yi su. Tarihin sana'o'in Hausa ya nuna cewa sau da yawa wannan hanya ta biyu ce ke raba mai riba da mai faɗuwa.

Babu inda al'amarin ya fito fili kamar a marinar Kano ta ƙarni na 19. Da farko a manyan tukwane ake rini. Daga baya marina suka koma haƙa rijiyoyin rini masu zurfi, suna shafe cikinsu da laso don kada ruwan baba ya tsiyaye. Shi kuwa laso, da me ake haɗa shi? Idan ruwan baba ya mutu, akan kwashe katsin da ya kwanta a ƙasa, a cuccura shi, a shanya, a ƙone. Sa'an nan a gauraya shi da dafara da gashin da majema suka kankare daga fata. Watau dattin karofi da dattin majema su ne suka gina sabuwar marina. Philip Shea, wanda ya rubuta kundin digirinsa a kan rinin Kano a 1975, ya nuna cewa waɗannan rijiyoyi sun rage tsadar aiki, gama sun fi tukunya ɗaukar zane, sun kuma fi ta daɗewa. Bugu da ƙari, rigar da ta koɗe ba a yar da ita: akan mai da ta karofi a sake turawa, a kai mabuga, ta fito tana ƙyalli. Da irin wannan tattali turkuɗin Kura ya mamaye kasuwannin Azbinawa. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa kowace shekara a kan aƙalla wuri miliyan 300.

Ƙira ma haka take, kuma a nan ne garuruwan noma irin su Tambuwal da Kebbe ke da abin faɗa. Tambuwal, wadda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a matsayin ribaɗi ta fuskar Kabi, tana bukatar ƙarfe don garma da kuma don mashi. A zamanin da sai an haƙo tama an narke ta da gawayi mai yawa kafin a sami ƙarfe, ba wanda ke jefar da fartanyar da ta cinye. Kafin damina manomi yakan kai ta maƙera, a yi mata ƙari, ko a mai da ita lauje ko wuƙa. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai da tarkacen injuna suka yawaita, narkar da tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Amma maƙeri bai mutu ba, domin ya riga ya saba karɓar tsoho ya fitar da sabo. Sai ya koma kan tsofaffin ƙarafan mota, ya ci gaba da sayar da garma a kan kuɗin da manomi ke iya biya.

Masana'antun zamani sun gane wannan hikima ta wata fuskar. Kamfanin Nigerian Bottling Company, wanda aka kafa a 1951, ya gina cinikinsa a kan kwalbar da ke komowa. Mai kanti ba ya samun akwakun lemo sai ya ba da na kwalabe ko ya ajiye kuɗinsu. Motar da ta bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ta sauke lemo a Tambuwal, da kwalabe take juyawa, a wanke su a sake cikawa. Kuɗin kwalba ɗaya ya rabu ke nan a kan sha da yawa, lemo ya yi araha har ya shiga ƙauyuka.

Da robar lemo da ledar ruwa suka yaɗu tun daga shekarun 1990, sai hanyar komowa ta yi rauni. Kamfani ya huta da jigilar kwalabe, amma nauyin ya faɗa kan magudanun ruwa da gonaki da cikin dabbobi. Waɗanda suka toshe giɓin su ne 'yan jari-bola, masu bin gida-gida suna sayen roba da ƙarfe da gorar ruwa, suna tara wa dillalan da ke kai wa masana'antu. Jamus ta kafa doka a 1991 wadda ta tilasta wa kamfanoni karɓar mazuban kayansu. A Nijeriya kuwa, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ita ke riƙe da irin wannan tsari.

Saboda haka ma'aikacin da aka ɗora wa tsara masana'antu yana da tambaya guda da ya kamata ya yi wa duk mai neman fili ko rance: idan kayanka suka tsufa, ta wace hanya za su komo maka, kuma wa zai biya kuɗin dakonsu? Marinin Kano ya amsa ta da katsi, maƙerin Tambuwal ya amsa ta da tsohuwar fartanya. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.