Gyaran Rajistar Lanho a Ƙasar Adar

A zamanin mulkin Faransa, talakawan Barmu da sauran ƙauyukan arewacin Adar ba sa rubuta wa hukuma abin da suka samu, domin lanho, wato harajin kai, ana yanka shi ne bisa ƙidayar kwamandan Tawa, wadda ke lissafa kowane magidanci da iyalinsa da dabbobinsa. Da yake akan yi shekaru ba a sake ƙidaya ba, sunan wanda ya rasu ko ya yi ƙaura kan zauna a rajista, dangi kuma su ci gaba da biya, har sai mai gari ya kai kuka an goge shi. Gwamnatin Seyni Kountché, wanda ya hau mulki a 1974, ita ta soke wannan haraji.