Saita igiyar sadarwa da eriya masu yawa

Saita igiyar sadarwa fasaha ce da turken salula ke haɗa eriya da yawa wuri guda, yana ɗan jinkirta saƙon kowace ɗaya, har igiyoyin su taru su yi ƙarfi wajen wayar da ake nufi, su kashe juna a sauran wurare. Kamar fitilar ƙwai ce da tocila: ɗaya na watsa haske ko'ina, ɗaya na kai shi inda ake bukata.

Bajamushe Karl Ferdinand Braun ne ya fara nuna haka a 1905 da eriya uku. Sojoji suka ɗauki fasahar zuwa na'urar rada a Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma daɗe a hannunsu. A 1994 Arogyaswami Paulraj da Thomas Kailath na Jami'ar Stanford a Amurka suka samu rajistar dabarar aika saƙonni daban-daban ta eriya daban-daban a mita guda, dabarar da ake kira MIMO. Gerard Foschini na Bell Labs ya faɗaɗa ta a 1996. A 2010 Thomas Marzetta ya nuna cewa in eriyoyin turke suka yi yawa ƙwarai, katsalandan tsakanin wayoyi zai ragu, kowace waya kuma wuta kaɗan ta ishe ta. A kan wannan aka gina turakun 5G masu eriya 64.

A Nijar, kamfanin salula na Celtel ya fara aiki a 2001, ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Turakun 4G na ƙasar suna amfani da MIMO, da eriya biyu ko huɗu.

Don cunkoson manyan birane aka fi raya fasahar, amma ƙasa irin Adar ta Nijar na da bukatarta matuƙa. A Buza, Keita da Madawa duwatsu ne da kwaruruka irin na Majiya. Ƙauyen da ke cikin kwari sai mutum ya hau tudu yana ɗaga salula kafin ya samu rezo. Turakun karkara da yawa da gazuwal ko hasken rana suke aiki, kuma sashen rediyo ne ke shanye mafi yawan wutar, don haka igiyar da aka watsa kan dutsen da ba kowa mai ne aka ƙone a banza. Kudancin Madawa kuwa ya yi iyaka da Najeriya, inda igiyoyin ƙasashen biyu ke shiga juna, har waya kan kama layin ƙetare mai ita na zaune gida. Raba mita a irin wannan wuri aikin hukumar ARCEP ta Nijar ne da takwararta NCC ta Najeriya.