Bugun Zuciya

bugun zuciya (suna, namiji): harbawar da zuciya ke yi domin tura jini cikin jiki, wadda likitoci ke lissafa adadinta a minti guda daga zanen da na'urar awon zuciya ke fitarwa bisa takarda mai murabba'ai. Da yake takardar tana tafiyar milimita 25 a daƙiƙa, sai a ƙirga manyan murabba'an da ke tsakanin dogayen tsinaye biyu masu bin juna a zanen, a raba 300 da adadinsu. In huɗu ne, bugu 75 ke nan, alhali na lafiyayyen baligi da ke hutawa yakan tsaya tsakanin 60 da 100. In kuwa bugun ya saɓa ƙa'ida, sai a ƙirga tsinayen cikin manyan murabba'ai 30, a ninka sau goma. Misali: An kai dattijon daga Mairuwa zuwa Asibitin Koyarwa na Shika, aka auna bugun zuciyarsa.