Ƙyandar Biri: Asalinta, Yadda Take Yaɗuwa da Dalilin da Ya Sa Har Yanzu Ake Fama da Ita

Ƙyandar biri, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya wa suna zuwa mpox a watan Nuwamban 2022, cuta ce da ƙwayar bairos ke haddasawa, kuma 'yar uwar cutar agana ce. An fara gano ƙwayar a shekarar 1958 a jikin biran da ake gwaji da su a ƙasar Denmak, daga nan sunan ya samo asali. Sai dai masana sun fi zargin cewa dabbobi irin su kurege da gafiya ne ke ɗauke da ita a daji. An fara samun ta a jikin ɗan Adam a 1970, a ƙasar da ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo a yau.

A Najeriya, an samu masu ɗauke da cutar a 1971 da 1978, daga nan aka daina jin ɗuriyarta har zuwa watan Satumban 2017, lokacin da ta sake ɓulla a jihar Bayelsa, ta kuma bazu zuwa wasu jihohi. Tun daga wannan lokaci ake ci gaba da samun ta.

Ɗaya daga cikin dalilan dawowarta shi ne daina yin lambar agana bayan an sanar da kawar da agana a duniya a 1980. Wannan lamba, wadda ta bar tabo a damtsen dattawa da dama, tana kuma bayar da kariya daga ƙyandar biri. Waɗanda aka haifa bayan an daina ta, wato mafi yawan 'yan Najeriya a yau, ba su da wannan garkuwa.

Alamomin cutar kan bayyana cikin kwana 21 da kamuwa. Sukan haɗa da zazzaɓi, ciwon kai, ciwon baya, kumburin kaluluwa, da ƙuraje masu ruwa a fuska, tafin hannu, tafin ƙafa, baki ko al'aura. Yawanci tana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu kafin a warke. Ta fi tsanani ga ƙananan yara, masu juna biyu, da masu raunin garkuwar jiki, musamman masu cutar ƙanjamau da ba sa shan magani.

Ana kamuwa da ita ta hanyar taɓa ƙurajen mai cutar, saduwa, amfani da tufafi ko shimfiɗarsa, ko taɓa dabbar da ta kamu yayin farauta da fiɗa. Mai cutar na iya yaɗa ta har sai ɓawon ƙurajen ya faɗi kuma sabuwar fata ta fito.

Sau biyu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta: a watan Yulin 2022, sannan a watan Agustan 2024 bayan wani sabon nau'i ya yaɗu daga gabashin Kongo zuwa maƙwabta. A wannan watan ne Najeriya ta karɓi allurar riga-kafi dubu 10 daga Amurka. An janye dokar ta biyu a watan Satumban 2025, amma janyewar ba ta nufin cutar ta ƙare.

Saboda ana iya ɗaukar ta a matsayin ƙarambau ko ƙyanda, gwaji a asibiti ne kaɗai ke tabbatar da ita. Jami'an lafiya na shawartar duk wanda ya ga baƙin ƙuraje tare da zazzaɓi da ya keɓe kansa, ya rufe ƙurajen, ya guji fasa su, ya kuma sanar da asibiti mafi kusa ko Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Ƙasa, NCDC. Ɓoye cutar saboda kunya shi ne ke kai ta ga sauran mutanen gida.