Taswirar Jiya a Kan ta Yau: Birnin Kano da Ganuwarsa

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, waiwaye adon tafiya. A wannan maƙala za mu waiwayi birnin Kano ta hanyar wata dabara da na'ura mai ƙwaƙwalwa ta kawo wa manazarta tarihi, wato ɗora tsohuwar taswira a kan sabuwa domin a ga abin da ya wanzu da abin da ya gushe. Za mu duba irin ribar da ke cikin dabarar, sa'annan mu nuna inda iyakarta take.

Taswirorin Matafiya

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara ginin ganuwa, daga baya Muhammadu Rumfa (1463-1499) da Muhammadu Nazaki (1618-1623) suka faɗaɗa ta. Sai dai zanen birnin a takarda, wanda ya iso hannunmu, na ƙarni na 19 ne. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdullahi, ya shiga Kano a watan Janairun 1824, aka buga labarin tafiyarsa a 1826. Ya ƙiyasta kewayen ganuwa da kimanin mil 15, ya ƙirga ƙofofi 15, ya kuma lura cewa gidaje ba su cinye fiye da rubu'in filin da ke ciki ba, saura gonaki ne da lambuna. Bayansa sai Bajamushe Heinrich Barth, wato Abdulkarim, ya iso a watan Fabrairun 1851, ya hau Dala ya ƙare wa gari kallo, ya fitar da nasa zanen a littafinsa na 1857.

Yadda Ake Ɗorawa

Da farko akan ɗauki hoton tsohuwar taswira a shigar da shi cikin manhaja irin su QGIS, wadda kyauta ake samunta. Daga nan sai a nemi wuraren da ke cikin taswirorin biyu, waɗanda aka tabbatar ba su gusa ba, a haɗa kowanne da takwaransa. Uku ne mafi ƙaranci, amma gwargwadon yawansu da bazuwarsu, gwargwadon ingancin aikin. A Kano, dutsen Dala da Goron Dutse da kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa su ne turakun da suka fi cancanta. Manhajar takan ja tsohon zanen ta miƙe shi, tamkar yadda majemi ke miƙe fata ya kafe ta, har ya zauna a kan hoton tauraron ɗan'adam. A ƙarshe sai a mayar da na sama shara-shara, ta yadda ido zai riƙa hango na ƙasa ta cikinsa.

Abin da Ido Ke Gani

Abu na farko shi ne ɓacewar fili. A zamanin Barth, jama'a sun fi dunƙulewa a kudu maso gabashin birni, arewa da yamma kuwa sarari ne. Wannan sarari hikimar yaƙi ce, domin idan abokan gaba suka yi wa birni ƙawanya, a nan ake noma, a nan mutanen karkara ke fakewa da dabbobinsu. Yau unguwanni sun mamaye shi.

Na biyu shi ne sha'anin ruwa. Duka matafiyan biyu sun ambaci fadamar da ta ratsa gari, wato Jakara, wadda yanzu aka takure a magudanar siminti. Haka ma kududdufai, waɗanda daga cikinsu aka haƙi ƙasar gina ganuwa da gidaje, su ne ke shanye ruwan damina. An cike da dama daga cikinsu an yi gini. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa, saboda haka wanda ya san inda tsohon kududdufi yake, ya san gidan da ambaliya za ta fara yi wa sallama.

Na uku ita ce ganuwar kanta. Ko da yake an sanya ta a jerin jiran hukumar UNESCO a 2007, a wurare da yawa babu abin da ya rage sai layin da titi ko jerin shaguna ke bi.

Iyakar Dabarar

Duk da haka, wajibi ne mu yi hattara. Matafiyan nan da kamfas da agogo da ƙiyasin ido suka yi aiki, manhaja kuwa za ta tilasta wa zanensu ya dace da turakun da aka ba ta, ko da an ba ta na kuskure. Ƙofar da aka rushe aka sake ginawa don faɗaɗa titi ba lallai ne tana kan tsohon harsashinta ba. Wanda ya kafa turke a kanta zai karkatar da unguwa sukutum.

Akwai kuma taswirar da wannan awo bai dace da ita ba sam. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Clapperton taswirar ƙasashen Sudan, wadda ta nuna kogin Kwara ya nufi gabas zuwa Masar, alhali 'yan'uwan nan Lander sun bi shi har bakin teku a 1830. Idan muka ɗora ta a kan hoton sama, za mu ce kuskure ce kawai. Amma darajarta tana cikin abin da ta adana na jerin garuruwa da ƙasashe da yadda Sakkwato ke kallon maƙwabtanta, kuma wannan sai an karanta ta da idon zamaninta.

Kammalawa

Abin da muke kira gare shi shi ne a haɗa wannan aiki da ilimin baka. Sunayen unguwanni da kirarin ƙofofi da bayanin dattawa su ne za su tabbatar da turakun da na'ura ke bukata. Ɗalibanmu na Hausa suna da rawar takawa a nan, domin Zariya da Katsina ma suna da ganuwa, kuma dattawan da suka san inda ta bi suna ƙara ƙaranci kowace shekara.