Ciwon Damuwa a Ƙasar Namoda: Cutar da Ta Daɗe Ba a Raɗa Mata Suna ba

A Kaura Namoda, inda na tashi, kakanninmu sun san mutumin da abinci ya fita ransa, barci ya ƙaurace masa, ya janye jiki daga jama'a. Sai dai ba su ware wa wannan hali suna ba. In abin ya tsananta a ce iska ce, a kira 'yan bori su yi girka, ko a nufi malam a karɓo rubutu. Wanda bai tayar wa kowa hankali ba, haƙuri kawai ake ba shi.

Zuwan Turawa bai sauya komai ba. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, tsare majinyaci ne ya dame ta. Jirgin ƙasa ya iso Kaura a 1929 don kwasar gyaɗa, amma likitan ƙwaƙwalwa bai biyo shi ba. A 1953 ma wani likitan mulkin mallaka a Kenya, Carothers, ya rubuta cewa da wuya baƙar fata ya kamu da ciwon damuwa. Dakta Adeoye Lambo na asibitin Aro da ke Abeokuta da abokan aikinsa ne suka ƙaryata shi da binciken da suka wallafa a 1963. A ganina kuren Carothers shi ne jiran majinyaci ya ce yana baƙin ciki, alhali namu cewa yake ƙirjinsa ya yi nauyi, kansa na zafi.

Yau likitoci sun rarrabe ciwon. Akwai mai tsanani, wanda kan danne mutum mako biyu ko fiye; akwai mai jan ƙafa, na shekara biyu zuwa sama; akwai na jego, wanda a gidajenmu ake ɗauka kunyar haihuwar fari ce ko rashin godiyar Allah. Waɗannan ana maganinsu da zaman tattaunawa da ƙwararre, da ƙwayoyi irin su amitriptyline ko fluoxetine, waɗanda sai an yi makonni ana sha kafin a ga sauƙi. Na huɗu, mai fuska biyu, kan jefa mutum tsakanin ƙunci da rawar kai. Shi ƙwayar damuwa kaɗai tana iya tunzura shi, sai an ba da mai daidaita hali kamar lithium.

Tun wajen 2011 hare-haren 'yan bindiga suka cika Shinkafi da Zurmi da zawarawa da marayu da waɗanda aka fanso daga daji. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana sauraron wasunsu a manyan asibitocin garuruwan biyu. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta ba majinyaci haƙƙin a nemi yardarsa kafin magani. Amma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ake tura mutanenmu yana Kware, a Jihar Sakkwato, kuma hanyar zuwa can ta cikin dajin da suka gudo ta ratsa.