Ginin Ƙasa da Masu Ilmin Jami'a: Daga Babban Gwani zuwa Dandaji

Tun kafin zuwan Turawa, Hausawa suna da maganin da suka yi wa zafin bazara da sanyin hunturu, watau ginin ƙasa. Bango mai kauri na tubali yakan shanye zafin rana, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya raba, lokacin da gari ya yi sanyi. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin yadda wannan sana'a ta rabu da masu ilmin zamani, da yadda waɗansu daga cikinsu suka komo gare ta bayan sauyin yanayi ya tsananta, da kuma matsayin dazuzzuka irin na Birnin Gwari cikin al'amarin.

Ƙololuwar wannan sana'a ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Malam Mika'ilu Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, 1834 zuwa 1846. Ƙasa da azara kaɗai ya yi aiki da su. Azara tsagin itacen giginya ce, gara ba ta cinta, amma ba ta ɗaukar nauyin rufi idan faɗin ɗaki ya wuce kimanin ƙafa 6. Saboda haka magina suka ƙware wajen ɗaura ta hawa-hawa cikin laka, har su fitar da bakan gizo da tulluwa a kan fili mai faɗi. Labarin baka ya ce sarkin Birnin Gwari na wancan zamani ya kira Babban Gwani ya gina masa irin wannan masallaci, da ya gama sai aka kashe shi don kada ya yi wa wani sarki kamarsa. Ko ma mene ne gaskiyar labarin, ya nuna cewa ilmin gini a ka yake, ba a takarda ba, ana gadonsa daga uba zuwa ɗa a ƙarƙashin Sarkin Magina.

Ilmin zanen gine-gine na zamani kuwa ya iso Zariya a 1955, lokacin da aka ɗauko sashensa daga Ibadan zuwa Kwalejin Fasaha da Kimiyya da ke Samaru, wadda ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Sashen shi ne mafi daɗewa a Nijeriya, tsarin karatunsa kuma daga Ingila aka kwafo shi. Ga makaranta ga masallacin Babban Gwani a gari ɗaya, amma siminti da ƙarfe da gilashi su ne jigon darasi. Duk da haka an sami waɗanda suka waiwayi ginin gargajiya. Zbigniew Dmochowski, mutumin ƙasar Polan, ya shekara da shekaru yana auna gine-ginen Nijeriya yana zana su, ya kuma assasa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, inda aka gina kwatankwacin masallacin Zariya. Ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i 3 bai fito ba sai 1990. Hamman Tukur Sa'ad, malami a sashen na Zariya, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Michigan a 1981 a kan yadda maginan Hausa suke gane kyawun gini.

Waɗannan ayyuka sun tsirar da ilmi mai yawa daga ɓata, sai dai sun zo daidai da zamanin kuɗin man fetur. A 1975 jiragen ruwa ɗauke da siminti suka cushe tashar Legas har tsawon watanni. A cikin shekarun nan ne aka lulluɓe abin da ya rage na masallacin Zariya da sabon gini na kankare. Bulo da kwano suka zama alamar arziki, ginin ƙasa ya koma alamar talauci, ɗan magini kuma ya fara jin kunyar sana'ar ubansa. Watau jami'a ta adana ginin ƙasa a littafi da gidan tarihi, alhali kuwa a cikin gari yana mutuwa.

Abin da ya sake tayar da zancen shi ne zafi. A watan Afrilu na 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Ɗakin bulo mai rufin kwano a irin wannan rana tanderu ne, ba ya zaunuwa sai da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, su kuma sai da lantarki. Har ila yau, masana'antun siminti su ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Ashe kayan da aka rungume don ci gaba suna ƙara zafin ciki da na waje baki ɗaya.

Misali mafi bayyana na komowar masu ilmin jami'a ya fito daga Jamhuriyar Nijar. Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran sun yi karatun zanen gine-gine a Jami'ar Washington ta Amurka. Tare da malamarsu Elizabeth Golden da Philip Sträter suka kafa ƙungiya mai suna united4design, suka gina gidaje 6 a Yamai da bulon jar ƙasa da inji ke matsewa, aka kammala su a 2016. An jera ɗakunan kewaye da tsakar gida, yadda iska za ta ratsa, inuwa kuma ta samu, kamar tsarin tsofaffin birane irin Kano da Damagaram.

Daga nan matan biyu suka nufi Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa. Yankin ba baƙon gwanaye ba ne, domin a garin Yama ne Alhaji Falke Barmu ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Tsohon masallacin Dandaji ya lalace, jama'a suna neman sabo. Maimakon a rushe shi, sai aka gyara shi aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a gefensa da bulon ƙasar wurin. Maginan da suka yi tsohon ginin su aka gayyato cikin aikin, suka koyar da abin da suka gada, suka kuma koyi hanyoyin hana ruwan sama cin bango. An kammala a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma. Abin da ya bambanta wannan da aikin masanan baya shi ne, magini ya shigo a matsayin abokin aiki, ba wanda ake bincike a kansa ba.

Akwai kuma wani darasi a Dandaji. Saboda ƙarancin itace, ƙarfe aka sa a wuraren da a da katako ake sawa. Ginin ƙasa bai tsaya ga ƙasa kaɗai ba: azara daga giginya take, makubar da ake shafe bango da ita daga kwasfar ɗorawa take. Nan ne tarihin gini ya haɗu da na daji. Dajin Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari an keɓe shi a 1936 a ƙarƙashin En'e, ya zama gandun daji na tarayya a 1999, faɗinsa murabba'in kilomita 1,121, cike da doka da maje da kaɗanya da ɗorawa. Tun daga shekarun 2010 'yan bindiga suka mai da dazuzzukan yankin mafaka, aikin kula da su ya gagara. Idan daji mai dausayi irin wannan ya kasa tsaruwa, ina ga giginyar fadamun arewa, wadda ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara?

Bisa ga wannan tarihi, aikin da ke gaban ɗaliban Zariya da Kano da waɗanda suka riga su fita iri uku ne. Na farko, su nemi maginan da suka rage a unguwannin birni su yi aiki tare da su tun suna da rai. Na biyu, waɗanda ke ma'aikatun ayyuka da hukumomin tsara birane su ba bulon ƙasa gurbi a ginin aji da ɗakin shan magani da gidajen ma'aikata, domin talaka ba zai daina ƙyamar ƙasa ba sai ya ga hukuma ta gina da ita. Na uku, a sa dashen giginya da ɗorawa cikin lissafin kowane shiri na gini, gama wanda ya dasa yau, jikansa ne zai tsaga azara.